Haƙorin Dodo

Shafi na 19

Masu tambayar me ya sa na bar Gerlinde a bakin ƙofar fada har kwana uku, ga ta nan ta shiga. Ku karanta a zaune.

*

Tun daga ƙofar fada hannun Gerlinde yake cikin aljihu.

Ba don sanyi ba. Haƙorin take riƙe da shi.

Haƙori ne na katako, tsawon ɗan yatsa, da ragowar jan fenti a gindinsa. A tafin hannun yayanta Korbinian aka same shi bara, ranar da aka tsince shi a ƙasan matakalar hasumiyar nan, ƙashin bayansa a karye, bakinsa a rufe. Sai da ma'aikaciyar asibiti ta ɓanɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya saki.

An ce santsi ne. Ranar fitowar dodanni ce, maza arba'in sun sauko a guje cikin fatun awaki da fuskokin katako, ga ƙanƙara a kan dutse, ga mutum ya sha giya mai zafi. Me ake nema kuma?

Ita dai ta san santsi ba ya barin haƙori a hannun mutum.

Kasuwar Kirsimeti huɗu ta zaga cikin mako biyu, tana leƙa bakin duk wata fuskar dodo da aka rataye. Babu mai giɓi. Wannan ce ta biyar, kuma ita ce wadda ta yi ta ɗagawa.

"Linde, fito da hannun nan mana," in ji mijinta Alois. "Sai mutane su ce safar hannu ma na kasa saya miki."

Shi ke tura keken guragun da Korbi ke zaune a kai. Tayoyin na tsalle a kan duwatsun tsakar fada, kan Korbi na rangaji, an lulluɓe masa ƙafafu da jan bargo. A damtsen Alois akwai ɗaurin ƙyalle ruwan ɗorawa na masu tsaron igiyar da ke tare 'yan kallo. Bana shi aka ba ƙofar saman hasumiya, inda dodanni ke fitowa.

Rumfuna sun jeru a jikin ganuwa, rufinsu fari fat. Maƙeri na dukan ƙarfe a inda da ake ɗaure dawaki. Ƙamshin gasassun 'ya'yan itacen maroni da kirfa da hayaƙin itace ya cika wurin. A tsakiya an hura wuta a cikin wani ƙaton kasko na ƙarfe, mutane sun kewaye ta da kofunansu. Huɗu da rabi ta wuce, rana ta riga ta faɗa bayan duwatsu.

"Kai, kai, kai! Wa nake gani haka?"

Tsohuwa Zenzi ce, mai kyandir ɗin kakin zuma. Ta leƙo da kanta daga rumfa, gyalenta ya kusa taɓa wuta.

"Korbi! Ɗan banza, ka dawo ka sace mini kyandir kamar da?"

Korbi bai motsa ba. Idonsa ne kawai ya juya.

"Inna Zenzi, bana ba zai iya guduwa ba, ki kama shi hankali kwance," in ji Alois.

Ta kwashe da dariya, sai kuma ta ji kunya, ta goge ido da bakin gyale.

"Gerlinde, ki riƙe mijin nan da kyau. Ni nawa, Allah ya ji ƙansa, ko takalminsa ba ya ɗagawa daga bakin ƙofa. Wannan kuwa shekara guda yana ɗaukar surukinsa a kafaɗa, wanka, aski, komai. Su da ba sa ga maciji! In ya mutu ni zan kai sunansa coci a sa shi cikin waliyyai."

"Ki bari in mutu tukuna, Inna."

"An ce likita ya ba ku labari mai daɗi?"

"Ya ce harshen na dawowa," in ji Gerlinde. "Wataƙila kafin ƙanƙara ta narke ya yi magana. Hannun dama ma ya fara riƙe cokali."

"Allah mai iko!"

Alois ya sunkuya yana gyara bargon da ba abin da ya same shi.

Ran Talata ma haka ya yi a asibiti. Sau biyu ya tambayi likitan. Yaushe? Kamar yaushe kenan? A lokacin ta ɗauka murna ce.

Ya miƙe.

"Je ki zaga abinki. Na san fuskokin nan kike son kallo, ko da yake ban san me kike gani a jikinsu ba. Ni bari in kai babban yaya ya sha ɗumi."

Ta juya za ta tafi. Wani abu ya riƙe mata hannun riga.

Korbi ne.

Yatsunsa sun damƙe ulun. Idonsa a kanta, jawur, ba ƙiftawa.

"Yaya, mene ne?"

"Wurin ne," in ji Alois a hankali. "Na faɗa miki kada mu kawo shi. Ya tuna."

"Yaya, minti goma kawai. Lois na tare da kai."

Riƙon ya ƙara ƙarfi.

Ta durƙusa, ta ɓanɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta mayar masa da hannun ƙarƙashin bargo. Ta sumbaci goshinsa. Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta tafi ba.

*

Rumfar Baba Kajetan, masassaƙin fuskoki, ba a tsakar fada take ba. Sai an sauka taki bakwai zuwa wani ɗaki mai baka a ƙarƙashin ganuwa, inda da ake tara ganguna. Fitila ɗaya. Ƙamshin sabon katako da warin fatar bunsuru.

Fuskoki sun fi talatin a bango. Ƙahoni sun kai rufi. Harsuna a waje, idanu a zazzare.

Ta fara daga hagu. Ba ta kallon ido, ba ta kallon ƙaho. Baki kawai.

Tsohon na zaune a kan kututture yana feƙe wani abu da ƙaramar wuƙa. Bai ɗago ba.

"Likitan haƙori kika koma, 'yar nan?"

"Barka da yamma, Baba."

"Barka kadai. An ce mini kin je kasuwa huɗu kina buɗe wa dodanni baki. Masassaƙa na da waya, kin sani. Mun tsufa, amma muna gulma."

Ta gama bangon hagu. Ta gama na dama. Duk bakunan a cike.

Ta tsaya, kafaɗunta suka sauka.

"Ya jikin ɗana?" ya tambaya. Shi ya riƙe Korbi a coci ranar da aka yi masa baftisma.

"Yana sama. Ba ka zo duba shi ba ko sau ɗaya, Baba."

Wuƙar ta tsaya.

"Ƙafa ce."

"Ƙafar da ta hawo dutsen nan?"

Gerlinde ta zaro hannu daga aljihu. Ta ajiye haƙorin a kan teburin, tsakanin ɓawon katako da kofin shayinsa.

Ƙaramin sauti ya yi. Tak.

Baba Kajetan ya daɗe yana kallonsa. Bai taɓa ba. Ya cije leɓensa na ƙasa.

"A ina?"

"A hannun Yaya."

"Tun bara yana wurinki?"

"Tun bara. Aikinka ne?"

"Masassaƙa bakwai ne a kwarin nan."

"Ba su na tambaya ba."

Ya ajiye wuƙar. Ya goge hannu a jikin fatar da ya ɗaura a ƙugu, ya sake gogewa.

"Ni kaɗai nake yi wa haƙori tsaga uku a gindi," ya ce. "Don manne ya kama."

Ya tashi da ƙyar, ya je ya saki bargon da ke rataye a bakin ƙofa. Hayaniyar kasuwa ta koma kamar daga cikin rijiya. Ya durƙusa, ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur, ya kwance bakin.

Ƙahonin suka fara fitowa. Huɗu, na bunsuru. Sai baƙin goshi. Sai jan baki, a wangame.

A sama ta hagu, giɓi.

Ba ta san lokacin da ta ɗauki haƙorin ba. Ta kai shi wurin. Ya shige ya zauna, tsaga uku a kan tsaga uku, ko gashi ba zai ratsa ba.

Ta dafa tebur.

"Ta wane ne?"

"Bayan sabuwar shekara aka kawo mini ita. Aka ce in sa sabon haƙori, in rarake cikin, in sayar wa baƙo. Baƙon da ya fito daga nesa."

"Baba, ta wane ne?"

"Sau uku ina ɗaukar wuƙa. Sau uku ina ajiyewa."

"Suna nake tambaya!"

"Kada ki ɗaga mini murya, na girmi ubanki." Ya faɗa ba ƙarfi. "Shekara hamsin da ɗaya ina wannan aiki. Ranar da maigidana ya miƙa mini gizagonsa ya sa na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki. Ba a faɗin sunan mai fuska. Ba ga ɗan sanda ba, ba ga limamin coci ba, ba ga matar da kake kwana da ita ba. In aka fara faɗa, ba mai sake zama a gabanka."

"Ɗanka ne aka jefo daga hasumiya."

"Na sani."

"Shekara guda yana kashi a kwance."

"Na ce na sani!"

Fitilar ta yi rawa. Daga can sama, ta cikin dutse, wani sauti ya ratso. Gwaram. Gwaram. Dodanni ne a cikin hasumiya suna ɗaura manyan ƙararrawarsu a ƙugu.

Tsohon ya dubi rufi.

"Mai ita ya zo da safe. Ya ce in biyar ta buga ban rarake ba, shi da kansa zai jefa ta a wutar tsakar fada."

"Yana nan kenan. A kasuwar nan."

Tsohon ya ɗauki fuskar, ya juya ta, ya kifa bakin a kan tebur. Cikin ya dubi sama, fari, sumul, ya yi duhu a wasu wurare saboda gumi.

"Kin san yadda ake rarake ta?"

"Baba, ba darasi na zo ɗauka ba."

"Ki saurara. Mutum yakan zo ya zauna a kan kututturen nan sau uku, wani sau biyar. In shafe masa fuska da baƙin tukunya. In kifa masa katakon, in danna, in ɗaga. Duk inda baƙi ya taɓa, in cire. In sake shafawa, in sake dannawa. Har sai ko'ina ya taɓa daidai. Dole ta zauna, domin ramin ido ƙanƙane ne, mai sanye da ita ba ya ganin komai ƙasa da ƙirjinsa. In ta goce kaɗan ya makance. Shi ya sa ake share musu hanya."

Ya turo mata.

"Waje na dodo ne. Ciki na mutum. Mutum ɗaya tak."

Ta dube shi.

"Da bakina na rantse," ya ce. "Ban rantse da hannunki ba. Rufe ido."

Ta rufe.

Katakon da sanyi. Yatsunta suka fara daga sama.

Goshi mai faɗi. Ya sauko, ya yi ɗan rami a kan girar dama, wurin da wani ƙullutu yake zama.

Ta sake shafa wurin.

A'a. Mutane da yawa na da ƙullutu.

Ta gangaro. Kwarin hanci. Ya taho a miƙe, a miƙe, sai a tsakiya ya karye ya karkata hagu.

Yatsanta ya tsaya a kan karayar.

Ta san ta. Ba da ido ba. Da wannan yatsan ta san ta. Sau nawa ta bi ta da safe, mai ita na barci, tana dariya ƙasa-ƙasa? Shekara biyar da suka wuce, a wurin rawar ƙauye, Korbi ya saka ta a wurin da dunƙule ɗaya, ranar da ya kama Alois riƙe da ƙugun ƙanwarsa.

Maganganunsa suka dawo mata. Na ƙona tawa fuskar, Linde. Tun kafin bikinmu. Ba kin ce ba kya so ba?

Zazzaɓi nake ji, je ki wurin aiki, yau ko ƙofa ba zan leƙa ba.

Sai ta tuna wani abu da ya fi wannan muni.

Wanka.

Yadda jikin Korbi ke sandarewa duk lokacin da Alois ya sa hannu zai ɗaga shi. Yadda yake kuka ta hanci, kamar ɗan maraƙi. Yadda yake bin ta da ido in za ta fita ta rufe musu ƙofa. Ciwo ne, aka ce. Ita ma ta ce ciwo ne. Shekara guda tana rufe ƙofar da hannunta.

Yanzun nan ma ita ta ɓanɓare yatsunsa.

Ta buɗe ido.

"Ban faɗa miki komai ba," in ji Baba Kajetan. Hawaye na bin gemunsa.

"Ba ka faɗa ba."

"Ina Korbi yanzu? Wa ke tare da shi?"

Bargon ƙofa ya ɗaga.

*

Alois ya sunkuyar da kai saboda bakan ƙofar, ya shigo yana kakkaɓe dusar ƙanƙara daga hularsa.

Shi kaɗai.

Ya dubi matarsa. Ya dubi hannunta da ke cikin fuskar har wuyan hannu. Ya dubi tsohon.

"Haba, Baba," ya ce. "Da girmanka."

"Ban buɗe baki ba."

"Na gani."

"Ina Yaya?" Muryarta ta fito kamar ba tata ba.

"Yana lafiya."

"Lois, ina Yaya?"

"Na ajiye shi inda zai ga komai. Miƙo abin nan."

Ta jawo fuskar ta rungume a ƙirji. Ƙaho ɗaya ya karce mata haɓa, ba ta ji ba.

"Ka ce ka ƙona."

"Na yi niyya."

"Ka ce zazzaɓi."

"Linde."

"Na dafa maka shayi! Na sa maka zuma, na ajiye a gefen gado, na tafi gidan burodi ina tausayinka!"

"Yi a hankali, akwai mutane a waje."

Ya zauna a kan kututturen, daidai inda ya taɓa zama aka shafa masa baƙi. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ba alamar tsoro a tare da shi. Gajiya kawai.

"Bulala ɗaya na yi niyya," ya ce. "Tsumagiya ɗaya a ƙafa. Kowa na yi. Wa bai taɓa huce haushinsa a ranar dodanni ba? Baba, ka faɗa mata. Washegari a haɗu a coci a gaisa."

Tsohon ya juya masa baya.

"Ya fasa mini hanci a gaban gari. Na haƙura. Na aure ki, ya ƙi zama teburina ranar biki. Shekara biyu yana kirana karen gidanku, a mashaya, a gaban abokan aikina. Ke kina dariya, kina cewa halin Yaya ne."

"Sai ka kashe shi."

"Ai bai mutu ba."

"Lois!"

"Na same shi a saman matakala. Na ɗaga tsumagiya. Maimakon ya kare kai ya yi dariya kamar kowa, sai ya cafki bakin nan ya ja. Ya leƙo. Ya ga idona." Ya murza hular. "Ya kira sunana, Linde. Da ƙarfi. Ba a kiran sunan dodo. Ko yaron goye ya san wannan."

"Don haka ka tura shi."

"Hannu ne ya tafi."

"Taki talatin da biyu."

"Na ƙirga. Kullum sai na ƙirga." Ya ɗago. "Shekara guda ina wanke masa kashi. Ina aske masa gemu da reza a maƙogwaronsa, ban taɓa ko ƙwarzanarsa ba. Kin san sau nawa na... Bai isa ba? Me kuke so kuma?"

"Ka yi don kana tsoro. Ka tsare shi ne kamar kare a bakin rami."

Ya yi murmushi, gefe ɗaya.

"Ga shi kin fara magana irin tasa."

Gwaram. Gwaram. Gwaram. Yanzu ƙarar ta fi ɗazu, dutsen kansa na amsawa.

"Da bai fara riƙe cokali ba, da mun tsufa a haka," in ji Alois. "Ni da ke da shi. Ba wanda ya rasa komai."

Baba Kajetan ya juyo a hankali.

"Alois. Bana wa aka ba ƙofar sama?"

Alois ya kau da kai.

"Kai nake tambaya, yaro. Wa zai share musu hanya?"

Alois ya dubi agogon hannunsa.

Gerlinde ba ta jira ba. Ta bangaje bargon, ta haye taki bakwai ɗin da fuskar a ƙirjinta.

*

Tana fitowa aka kashe fitilu.

Haka ake yi kowace shekara, saura minti biyu biyar ta buga. Rumfa bayan rumfa suka mutu. Zenzi ta bi kyandirorinta tana hurewa. Tsakar fada ta koma baƙa, sai wutar kasko kaɗai, ja, tana lasar fuskokin mutane. Yara suka fara ihun daɗi da tsoro, iyaye na ɗaga su a wuya. Kowa ya matsa bayan igiya, an bar hanya fetal daga ƙasan matakala zuwa ƙofar fada.

Ta duba bakin wuta. Ba keke.

Ta duba rumfar maƙeri. Ba keke.

Ta ɗaga kai.

Matakalar ta miƙe a jikin hasumiya, dutse zalla, ba makari a gefe ɗaya. A can ƙarshenta, a ɗan dandalin da ke gaban ƙofar itace, wani abu ya kama hasken wuta ya mayar. Ƙarfen taya. Sai jan bargo.

Ta hanyar baya Alois ya turo shi, inda ake shigo da itace. Ya ajiye shi daf da ƙofa, bayansa ga dodanni, fuskarsa ga matakala.

Maza arba'in ne a bayan ƙofar nan, sun sha, sun ƙosa. Ba mai ganin abin da ke ƙasa da ƙirjinsa.

"Yaya!"

Ƙararrawa ta haɗiye muryar.

Hannu ya damƙe mata wuyan hannu ta baya. Kamar maƙerin can ne ya matse ta da awartaki.

"Tsaya nan," Alois ya raɗa mata a kunne. Fuskarsa na murmushi ga maƙwabta. "Birki ne ya kwance. Zan ce na je nemo ki ne, minti ɗaya. Za su zage ni, za su yafe. Ba ni fuskar, mu je gida."

"Sake ni."

"Ya gaji, Linde. Kin ga idonsa. Rahama ce."

"Sake ni!"

"Ku masoyan nan, ko a duhu ba kwa haƙuri?" Zenzi ce a gefensu, tana dariya. Sai ta ga abin da ke hannun Gerlinde. "Ke, wannan fa? Ba a fito da fuska tsakar fada sai a kan mai ita."

Gerlinde ta dube ta.

Ta dubi mijinta.

Agogon coci ya fara buga biyar. Ɗaya.

Da hannun da ya rage mata ta juya fuskar, ta ɗaga ta da duk ƙarfin da Allah ya ba ta, ta kifa masa.

Ba ta goce ba. Ba ta yi karo da hanci ba. Ta shige ta zauna, tsaf, da wani ɗan sauti kamar an rufe tukunya da murfinta. Haƙorin ya faɗo daga giɓinsa ya yi tsalle a kan dutse, ya tsaya a gaban takalmin Zenzi.

Dariyar tsohuwar ta yanke.

Duk wanda aka haifa a kwarin nan ya san fuskar aro ba ta zama haka.

"Alois ne!" Gerlinde ta kwarma, har maƙogwaronta ya tsage. "Alois ne ya jefo Yaya!"

Biyu.

Ya sake ta, hannayensa biyu suka tafi ga ƙahonin. Ta sunkuya ta ƙarƙashin igiya ta zura a guje. Wani ya kai hannu zai kama ta, ya sami gyale kawai.

A bayanta ta ji wata tsohuwar murya, a fashe, daga bakin ɗakin ƙasa.

"Tasa ce! Ni na rarake ta! Ku riƙe shi!"

Uku.

Taki na farko. Na biyu. Ƙanƙara. Gwiwarta ta daki dutse, ta tashi da hannu da ƙafa.

"Kada ku buɗe! Akwai mutum! Kada ku buɗe!"

Gwaram-gwaram-gwaram-gwaram. Suna tsalle a ciki, ƙofar na girgiza, keken na matsowa kaɗan-kaɗan da kowace girgiza.

Huɗu.

Taki na sha ɗaya. Na sha biyu. Yanzu tana ganinsa. Kansa a karkace, idonsa a kanta. Hannun dama ya fito daga bargo, yana lalube a gefen taya, yana neman ƙarfen birki. Yatsun suka taɓa shi. Suka zame. Suka sake taɓawa.

Ƙaramar tayar gaba ta leƙo bakin dutse.

"Riƙe, Yaya! Riƙe!"

Na sha tara.

Bakinsa ya buɗe. Wani sauti ya fito, mai kauri, mai tsatsa, maganarsa ta farko cikin shekara guda.

"Lin... de."

Biyar.

Aka zare sakata.